Gadon da Ke Kallon Gabas

Kano, Litinin 3 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Gawon Nama? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Khaula yau kwananta goma a duniya, ba ta da aiki sai tsotso da kuka. Ɗinkin tiyatar ne dai har yanzu yake ja na, likita kuma ya ce kada in kuskura in hau mota sai na yi arba'in. Da ba don haka ba, ba takarda za ki gani ba, ni za ki gani.

Na kira ki sau tara tun Juma'a. An ce waya a akwati take zama idan kuna ɗakin nan naku na kulawa ta musamman. To, na ji. Shi ya sa na ba Zulkifilu direba wannan, tunda kullum yana hanyar Sakkwato, ya sa miki a hannu.

Wasila, ran da aka ce hawan jini ya kayar da Baba har an sa masa injin numfashi, aka kuma ce ke ce nas ɗin da ke kansa, hawayen daɗi na yi. Na ce kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, ko ba na nan tamkar ina nan. Sai jiya Inna ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Zulai, na ishe babanku an juya mai baya ga gabas. Nic ce ma Wasila wanga aiki mi na na, tac ce in bar ta ta yi aikinta."

Haba Wasila! Baba Amiru fa? Duk Ƙofar Atiku wa bai san shi ba? Shekara hamsin yana fawa bai taɓa ɗora wuƙa a wuyan dabba ba sai ya juya ta gabas, bai kuma taɓa kwana a hagunsa ba tun da na yi wayo. Zuwana na ƙarshe ya kama hannuna a zaure ya ce, "Akuya ma ban bari ta tai ba ta dubi gabas ba. Ran da tawa taz zo, kada ku bar ni in kasa akuya." Ni ya faɗa wa, ni na ce masa to.

Ba roƙo nake ba. Ki mayar da shi damansa, fuskarsa gabas, ki bar shi a haka. Allurarku da injinku ban ce komai a kai ba.

Yayarki,
Zulaihatu

Gawon Nama, Laraba 5 ga Yuni

Yaya Zulai,

Wa alaikumus salam. Ina fatan jikin yana sauƙi, Allah ya raya Khaula. Ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida, kada ki ce ɗinki ya hana ki motsi. Baba yana nan yadda yake, bai farka ba amma zuciyarsa tana aiki da kyau, kuma jiya da na kira sunansa ya matsa yatsuna.

Sau biyu na ɗauki wayarki, sau biyun ba ki bar ni na kai ƙarshen magana ba. Gara takardar, ita ba ta katse mutum.

Ga abin da Inna ba ta faɗa miki ba, don ita ma ba ta sani ba. Baba ya faɗi ran Laraba, ba a kawo shi asibiti ba sai Juma'a, ranar da kika haihu. Kwana biyu yana kan tabarma a gefen damansa, ana tofi, ba wanda ya motsa shi. Da muka cire masa riga na ga wurin a kan ƙashin kwatangwalonsa na dama, faɗinsa kamar murfin kwalba. A fatarmu ba ja yake yi ba, duhu yake yi, ya yi zafi, ya yi tauri, in kin danna da yatsa ba ya canza launi. Wannan shi ne farkon gyambon kwanciya. Mai lafiya ko barci yake jikinsa na juya kansa. Baba ba ya iyawa, ƙashi yana danne nama a kan katifa, jini ya daina zuwa, naman ya mutu daga ciki kafin ido ya gani.

Shi ya sa duk awa biyu muke juya shi, daga baya zuwa hagu, daga hagu zuwa baya, mu tokare shi da filo, mu rubuta a takardar da ke ƙafar gadon. Dama kuwa ba zai sake kwanciya a kanta ba sai wurin ya warke. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, an gwada a kan dubban marasa lafiya an ga abin da ke tsare fata da abin da ke ɓata ta.

Yanzu ga abin da ya tafasa mini zuciya. Jiya bayan masu dubiya sun fita na tarar an zare filon, an mirgina shi dama, robar numfashinsa har ta ja gefe. Yaya Sirajo ɗan'uwanki ne ya yi, Inna tana tsaye, kuma ya ce ke kika sa shi. Daga mahauta ya taho, bai tsaya wurin famfon bakin ƙofa ba, ya ɗaga bandejin ya murza wa wurin man shanu. Da na yi magana sai ya ce, "Ke Wasila, wanga hannu da shi munka ciyar da ke." Murzar nan ita ke ƙarasa yaga naman, hannun nan kuma ke kin san abin da ya taɓa tun safe. Mu da muke ciki ba ma taɓa Baba sai mun wanke hannu mun sa safa, ko da bargo za mu gyara masa.

Ki yi haƙuri da ni. A yanzu ba alƙibla ce a gabana ba, fatarsa ce. Baba ba mutuwa yake yi ba, ku daina shimfiɗa shi kamar wanda aka gama da shi.

Ƙanwarki,
Wasila

Kano, Juma'a 7 ga Yuni

Wasila,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ban tambayi taki ba, don na ga lafiyar ce ta yi miki yawa.

"Ba alƙibla ce a gabana ba." Sau uku na karanta, na ba maigidana ya karanta ko idona ne. Innalillahi! Da hannunki kika rubuta wannan? Ashe farar rigar nan har can take kai mutum. Kin manta ran da dangi suka taru a kanki suka ce 'yar gidanmu ba za ta je tana taɓa jikin maza ba? Wa ya tashi ya ce jinya ibada ce, a bar yarinya ta yi karatu? Baba ne. Yau shi ne kika juya wa ƙeya ga Ka'aba, kika kuma kira hannun ɗansa ƙazanta.

Kin ce ba mutuwa yake ba. Ke ce mai ran? In ta zo a awa biyun da kika kifa shi yamma fa, me zan ce masa ranar da muka haɗu? Ciwo kamar murfin kwalba ne zai hana bawan Allah cikawa da kyau? Mu da muka taso muna ganin mahauta suna yanke yatsa su ɗaure da tsumma su ci gaba da aiki!

Na ɗauki hoton takardarki na tura wa Sirajo. Litinin zai kai wa shugabarku, shi da dattawan unguwa. Tunda ba ki da kunyar ido, a ba mu bare, ita ko ba komai za ta ji tsoron furfura.

Zulaihatu

Gawon Nama, Juma'a 21 ga Yuni

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, an yi layya lafiya? Allah ya maimaita mana. Ina fatan ke da Khaula kuna lafiya. Naman da Inna ta aiko mini yana nan, na kasa ci.

Na yi shiru mako biyu ne don da na rubuto miki a ranar, da zumuncin kakanninmu ya ƙare a takarda ɗaya. Kin samu abin da kike so. Dattawa shida suka cika ofishin metiron, shugabarmu, aka karanta layin nan nawa da ƙarfi, ba a karanta na gabansa ba, ba a karanta na bayansa ba. Ita kuma ta ce dama bai kamata nas ta yi jinyar ɗan'uwanta ba, ta tura ni ɗakin yara. Har a layinmu wata ta tare ni tana tambaya wai da gaske na daina salla.

Kwana goma ba na ɗakin. Cikin su aka yi Sallah, nas biyu a kan marasa lafiya biyar, kowanne da injinsa. Yaya Sirajo ya tsaya musu a ka, safe da yamma, yana cewa iyali ba su yarda ba. Su kuma sun ga abin da aka yi mini. Ba na wanke su, aikinsu ne su ƙi, na kuma faɗa musu a fuska. Amma na duba takardar juyin, Yaya. Layi bayan layi an rubuta: dama, iyali sun hana. Dama, iyali sun hana.

Jiya Dakta Sharifuddeen da kansa ya ce a dawo da ni, don zazzaɓi ya kama Baba kuma jininsa yana sauka. Na ɗaga bandejin. Murfin kwalbar nan yanzu dunƙulen hannuna yana shiga. Baƙi ne a baki, mugunya a ciki, in an haska ana ganin farin ƙashi. Warin sai da ya kori Inna waje. Na kira Yaya Sirajo na ce ya zo ya gani, shi da ya san nama. Ya leƙa sau ɗaya ya dafa bango. Ya ce, "Wanga ko dabba ta, ba a sai da shi." Ya je famfo ya yi ta wanke hannu har sai da na kashe ruwan.

An yanke mataccen naman, an sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya. Amma ƙwayoyin cutar sun riga sun shiga jini. Ciwon da ya kawo shi asibiti yana sauƙi, kwana biyar da suka wuce har an fara maganar rage masa injin. Wanda muka yi masa da hannunmu ne yake neman ransa.

Na ce muka, don ni ma ina da nawa, kuma shi ya fi ci mini rai. Da na fito na zauna a barandar masallacin asibiti ina kuka, limamin, Malam Abdulshakur, ya tambaye ni. Na ba shi labari. Ya ce, "Ɗiyata, ai wanda bai iya kwanciya ga dama, shi kwanta ga hagu, in bai iyawa shi kwanta rigingine, ƙafafu gabas, a ɗaga mai kai. Ya dubi alƙibla ke nan. Ba a koya muku ba ga Islamiyya?" An koya mana, Yaya. Ni da ke, a tabarma ɗaya.

Kuma kin san me? Mu dama ɗaga kan gadon muke yi, don kada abin cikinsa ya gangaro huhu ya sa masa ciwon haƙarƙari. Gado na biyar yana jingine da bangon yamma, ƙafarsa gabas take kallo, kuma babu kowa a kai tun farkon wata. Mu huɗu muka mayar da shi can da injinsa. Minti ashirin. Yanzu ko baya yake, ko na ɗan karkata shi hagu na tallafi kansa da filo, fuskarsa tana gabas. Inna ta tsaya ta duba taga, ta duba shi, ta ce, "Ashe iyakat ta ke nan?"

Iyakarta ke nan. Da ranar farko na tsaya na tambayi Inna abin da take tsoro maimakon in ce ta bar ni in yi aikina, da ban rubuta miki wancan layin ba. Na san fata, na ɗauka shi ke nan na san Baba. Amma ke ma da kin karanta takardata har ƙarshe kamar yadda kika karanta layi ɗaya sau uku, da ba mu zo nan ba. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushinki ƙwarai.

Wasila

Kano, Litinin 24 ga Yuni

Wasila,

Salam. Khaula lafiya. Ni ban sani ba ko lafiya nake, ruwan nono ma ya ja baya tun Asabar.

Na kira Sirajo in ji ko ƙari kika yi, ya kashe wayar a kunnena. Da ya sake ɗauka sai ya ce, "Ke kina Kano kina ba da oda, ni ina nan ina aikawa. Ki bar ni." Wai ni ce mai laifin. Shi da ya gani da idonsa kullum, ni da nake kwance da jaririya a ƙirji ina jin labari a waya!

Ke ma ba ki fita ba. Kin san halina tun muna yara, kin san in na hau ba na ji. Me ya hana ki ɗauki hoton wurin tun yana ƙarami ki turo mini? Me ya sa kika yi shiru kwana goma kina fushi a ɗakin yara, ƙofa nawa ce tsakaninki da shi? Kin iya rubuta magana mai yanka, amma ba ki iya zuwa Ƙofar Atiku ki durƙusa gaban Inna ki yi mata bayani ba. Girman kai ne da ke, Wasila, irin nawa sak.

Na rubuta wannan na tsaya, na sake karanta takardarki ta farko. Har ƙarshe wannan karon. Akwai inda kika ce ya matsa yatsunki. Wallahi ban ga layin nan ba sai yau.

Ki juya shi. Hagu, baya, duk yadda kika ga ya dace, duk awa biyu, duk awa ɗaya in kina so. Na faɗa wa Inna duk wanda ya sake taɓa filon nan ban yafe ba. Saura kwana tara in yi arba'in, ki riƙe mini shi kwana tara. In ya buɗe ido ki ce masa an samu 'ya mace, hancinsa ta ɗauko.

Kuma ki faɗa mini gaskiya, ke ba kya tausasa magana: ni ce na yi masa wannan?

Yayarki,
Zulaihatu

Gawon Nama, Juma'a 28 ga Yuni

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu haƙurin rashinsa. Yau aka yi sadakar uku, layin ya cika har bakin titi, mahauta ba su fita kasuwa ba. Inna tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ki sha kunun kanwa sosai, Khaula ba ta san komai ba, kada ki haɗa da ita.

Takardarki ta iso ni ran Laraba da safe, bayan an kai shi. Zulkifilu ya tsaya a ƙofa da ita a hannu ya rasa yadda zai miƙo.

An faɗa miki a waya cewa ya cika, amma ba a faɗa miki yadda ya cika ba, kuma ke ce mai haƙƙin ji. Ran Talata bayan azahar jininsa ya ƙi tashi duk da magungunan. Dakta ya kira Yaya Sirajo gefe ya ce babu sauran abin da ya rage sai na Allah. Na duba agogo, lokacin juyi ya yi. Na ce wa abokiyar aikina ta kama robar numfashin. Na kwance birkin gadon, muka karkata shi har kansa ya koma kudu. Na wanke hannuna, na sa Yaya Sirajo ya wanke nasa, muka kwantar da Baba a damansa, a kan ciwon, fuskarsa gabas sosai. Inna ta riƙe kafaɗarsa tana yi masa kalmar shahada. Na sunkuya na ce masa Zulai ta samu 'ya mace. Maganar hancin ban sani ba a lokacin. Bai kai la'asar ba.

To, alkawarinki ya cika. Bai kasa akuya ba. Ni na juya shi da hannuna, kuma wannan karon babu wanda ya sa ni.

Kin tambaye ni ko ke ce. Kwanansa ne ya ƙare, wannan kin sani, kowa ma zai faɗa miki, kuma gaskiya ne. Amma kin ce kada in tausasa. Gyambon nan bai zama dole ba. Da hannunki a ciki, da na Yaya Sirajo, da na waɗanda suka rubuta "iyali sun hana" suka koma suka zauna, da nawa. Kin yi daidai a kan kwana goman nan. Ƙofa biyu ce tsakanina da shi, ina wucewa ina ɗauke kai don a ga an ɓata mini. Masu wanka da suka fito, ɗaya ya tambayi Yaya Sirajo ko haɗarin mota Baba ya yi. Ina bayan labule na ji, kuma ba na jin zan daina ji.

Har yanzu ban huce ba, da ke da kaina. In kin zo ran Laraba kada ki sauka ko'ina sai gidana, ki zo da 'yar in ga hancin. Mu yi faɗan a ɗaki ɗaya, na gaji da yin sa a takarda.

Jiya aka kawo wani tsoho daga ƙauye, manomin gero, shi ma ba ya motsi. Da aka shigo da matarsa na ga tana waige-waige, ta dubi wannan bango ta dubi wancan, tana neman inda rana take. Ban jira ta tambaya ba. Na kama hannunta na kai ta famfo muka wanke tare, na nuna mata ƙafar gadon na ce, "Inna, nan ne gabas." Sannan na nuna mata kwatangwalonsa, na faɗa mata abin da zan riƙa yi duk awa biyu da dalilinsa. Ta ce to.

Gado na biyar aka ba shi. Zan tsaya nan, ƙarfe huɗu ta kusa, lokacin juyinsa, kuma hagu ne yanzu.

Ƙanwarki,
Wasila